Zanen giya: haƙori bayan haƙori da hannu, layukan ƙa'ida, ko kwamfuta?

A kakar bara wani tsohon ɗalibina ya zo mini gida bayan la'asar, ya sauko daga babur riƙe da wani abu ƙunshe a tsumma. Da ya kwance sai ga ƙaramar giya, baƙa ƙirin da giris, haƙoranta uku sun karye, sauran sun side kamar bakin tsohuwar fartanya. Ta injin matsar man gyaɗa ce na ƙanen mahaifinsa, a wani ƙauye ta wajen Rano. An zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa ba a sami irinta ba, sai dai a yanka sabuwa a cikin Kano. Ga gyaɗa ta shigo, ga mata masu ƙuli suna ta aike, ga inji a kwance.

Ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma. Kwana biyu ya yi yana zana ta. Haƙora goma sha takwas, kowanne ya fito tsaf, har da inuwa.

"Malam, a duba mini ko akwai gyara kafin in kai."

Na ce, "Zane ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Wa zai karanta shi?"

"Mai yankan, Malam."

"To nuna mini inda ka rubuta masa girman haƙorin."

Ya duba takardar sama da ƙasa, ya yi shiru. Babu.

Na daɗe ina koyar da zanen fasaha, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi yawan dawo mini daga waɗanda suka gama suka koma ƙauyukansu: idan giya za a zana, ta wace hanya? Hanyoyi huɗu ne ke hannunmu a nan karkara. Akwai fitar da kowane haƙori da kwamfas da fensir. Akwai zanen ƙa'ida, wanda ba a zana haƙoran sam. Akwai kwamfuta. Sai ta huɗu wadda kowa ya iya, wato a ɗora tsohuwar giyar a kan takarda a bi gefenta da biro, ko a ɗauke ta hoto da waya. Kowace tana da inda ta fi, kuma abin da ke raba gardama shi ne wanda zai karɓi takardar.

Kafin a gwada su, sai an san lambobin da giya ke tsaye a kansu, don duk hanyoyin huɗu a kansu ake auna su. Girman haƙori ana kiransa mojul. Idan giya biyu suka haɗu, akwai wata da'ira a kowaccensu da ido ba ya gani, wajen tsakiyar tsayin haƙori, inda suke birgima a kan juna kamar taya biyu marasa haƙori. Ita nake kira da'irar haɗuwa. Faɗinta shi ne mojul sau yawan haƙora. Haƙori yana hawa sama da ita da mojul ɗaya, yana nutsewa ƙasa da ita da mojul ɗaya da kwata. Saboda haka faɗin giya daga kan haƙori zuwa kan haƙori shi ne yawan haƙora a ƙara biyu, a ninka da mojul. Giya mai haƙori 18 a mojul 2.5, da'irar haɗuwarta milimita 45 ce, faɗinta na waje 50, zurfin haƙorinta 5.6 da 'yan kai. Sai kuma kusurwar da haƙori ke tura ɗan uwansa da ita: a yau digiri 20 ce aka fi yi, tsofaffin injuna da yawa kuwa 14.5 ne. Giya biyu ba za su zauna lafiya ba sai mojul ɗinsu ɗaya, kusurwarsu ɗaya.

Fitar da haƙora da hannu ita ce hanyar da nake ƙauna, ba zan ɓoye ba. Gefen haƙorin giya ba baka ba ne irin na kwamfas, wata lanƙwasa ce ta daban. Yadda nake nuna wa yara ita: a naɗe zare a jikin gwangwanin madara, a ɗaure fensir a bakin zaren, a danne gwangwanin a kan takarda, a riƙa warware zaren yana a miƙe. Layin da fensirin ya bari shi ne siffar gefen haƙori. Masanin lissafin nan na ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya yi nazarin wannan lanƙwasa don haƙoran giya tun a ƙarni na 18, kuma har yau ita ce a kusan duk giyar da za ka ciro daga tarakta ko babur. Falalarta ita ce gudu ba ya rawa tsakanin giya biyun, ko da tazarar sandunansu ta ɗan goce kaɗan. Gwangwanin nan shi ne da'irar tushe, faɗinta kuwa faɗin da'irar haɗuwa ne a ninka da 0.94, idan kusurwar digiri 20 ce.

Yaron da ya warware zaren nan da hannunsa, ya raba da'ira gida goma sha takwas, ya ga yadda kaurin haƙori da faɗin gurbi suke daidai a kan da'irar haɗuwa, ba zai sake kallon giya a matsayin ƙarfe mai tsini-tsini kawai ba. Ya san dalilin da ya sa mai walda ba zai iya cike karyayyen haƙori ya goge da magagari ya ce ya koma yadda yake ba. Wannan ilimin ba ya shiga ta kunne, ta yatsu yake shiga. Mai shirin jarrabawar NABTEB ko WAEC a zanen fasaha, ko mai niyyar shiga kwalejin fasaha ta Kazaure ko ta Haɗeja ko ta Kano, ya zauna ya yi ta yi har hannunsa ya faɗa. Akwai ma gajeriyar hanya ga wanda ya riga ya gane: a maye gurbin lanƙwasar da bakan kwamfas, a kafa tsinin kwamfas a kan da'irar tushe, a buɗe shi kimanin kashi 17 cikin ɗari na faɗin da'irar haɗuwa. Ido ba zai raba su ba.

Amma a matsayin takardar aiki, wannan hanya tana da rauni babba. Kaurin haƙori a mojul 2.5 bai kai milimita huɗu ba, 3.9 ne. Layin fensir mai kyau rabin milimita ne. Wato layin kansa ya cinye kashi ɗaya cikin takwas na haƙorin. Ƙara da cewa takarda tana shan danshi da damina tana bushewa da hunturu, an ninke ta huɗu an sa a aljihu, an hau babur. Idan yawan haƙoran bai raba 360 daidai ba, kamar 23, sai an yi ta taka da'irar da kwamfas ana gyarawa, kuskure yana taruwa, haƙorin ƙarshe ya fito ko siriri ko ƙato. Wanda ya auna girma daga irin wannan zane ya auna iska. Ga kuma lokaci: giya mai haƙori saba'in da biyu za ta ci maka yini, kuma haƙori na saba'in bai faɗi wani abu da na farko bai faɗa ba.

Shi ya sa masu sana'ar suka yi ittifaki a kan zanen ƙa'ida. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da shi a ƙarƙashin lamba ISO 2203 a 1973, kuma shi ne a cikin takardun injuna daga ƙasashe da yawa. Ana zana giyar kamar faifai marar haƙori. Da'irar waje, wato kan haƙora, layi mai kauri. Da'irar haɗuwa, siririn layi mai dogo da ɗigo, irin na tsakiya. Da'irar gindin haƙora yawanci ana barinta, idan kuma ana bukata a ja ta da siririn layi. A gefe a zana giyar kamar an raba ta biyu da wuƙa, a cike jikin ƙarfen da karkatattun layuka, amma haƙorin a bar shi fari ba a cike ba. Idan giya biyu ne a haɗe, da'irorin haɗuwarsu su taɓa juna a ɗigo ɗaya. Idan haƙoran a karkace suke, a ja sirara uku a jikinta masu nuna inda suka karkata. Sannan a kusurwar takarda a yi ɗan akwati a rubuta yawan haƙora, mojul, kusurwar turi, zurfin haƙori, yawan haƙoran abokiyar zamanta, tazarar sandunan biyu, da irin ƙarfen.

Ɗalibai ba sa son wannan zane da farko. Suna ganin kamar ragwanci ne, ko kamar ba a gama ba. Sai na kai su tunanin abin da mai yankan yake yi a gaban injinsa. Ba ya kallon siffar haƙori a takarda ya kwaikwaya. Siffar tana jikin wuƙar yankan tun daga masana'anta. Kowane mojul yana da jerin wuƙaƙe takwas, kowace da iyakar yawan haƙoran da take yanka: ta ɗaya 12 zuwa 13, ta biyu 14 zuwa 16, ta uku 17 zuwa 20, haka har ta takwas mai yanka 135 zuwa sama. Ka ce masa haƙori 18, mojul 2.5, digiri 20, ya miƙa hannu ya ɗauko ta uku. Ya sassaƙe ƙarfen ya kai faɗin milimita 50. Ya ɗaura shi a kan na'urar rabo, wadda hannunta ke juyawa sau 40 kafin ƙarfen ya zagaya sau ɗaya, ya raba 40 da 18, ya san kowane haƙori juyi biyu ne da rami huɗu a layin ramuka goma sha takwas. Daga farko har ƙarshe lambobi yake tambaya. Kyakkyawan zanen haƙora bai amsa masa ko ɗaya ba.

Abin da zanen ƙa'ida ke ba ka kuma shi ne sarari da natsuwar kula da wuraren da aka fi yin asara. A abin da na gani, sabuwar giya ba ta cika dawowa saboda haƙori ba. Tana dawowa ne saboda ramin tsakiya ya yi wa sanda yawa ko kaɗan, ko gurbin ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle giya da sanda, bai yi daidai ba, ko kaurin giyar ya hana murfi rufuwa, ko an manta da ɗan tudun da ke tokare boris. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a haƙora goma sha takwas yakan zo kan waɗannan a gajiye. Zanen ƙa'ida rabin awa ne, da rula da kwamfas da fensir biyu, a kan benci ko a kan tabarma da faifan katako. Ba ya son wuta, ba ya son caji. Idan ka ɗauke shi hoto ka tura ta WhatsApp, ko hoton ya karkace lambobin suna nan yadda suke.

Rauninsa ɗaya ne, kuma na gaske ne: wanda bai koya ba ba zai gane shi ba. Ka nuna wa mai injin, dattijon da zai biya kuɗin, ya ga faifai da layuka, ya ce ina haƙoran? Ka sa shi a takardar koya wa manoma yadda za su kula da ƙaramar taraktar hannu a Kadawa ko Auyo, babu wanda zai san giya ce. Ƙa'idar ma ta yarda a zana haƙori ɗaya ko biyu idan akwai dalili, kuma ni nakan ce a yi hakan, don mai kallo ya samu abin kamawa.

Kwamfuta fa? Matasa suna ɗokinta, kuma suna da gaskiya. A cikin manhajojin zane, AutoCAD, wadda ta fito tun 1982, ita aka fi sani, sai dai ta kuɗi ce. FreeCAD kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauke ta, kuma tana da wurin da za ka rubuta yawan haƙora da mojul da kusurwa ta fitar maka da giyar nan take, da lanƙwasar da ta fi ta kowane hannu daidai. Inkscape ma kyauta ce, tana da abin fitar da giya, ta kuma fi dacewa da mai son hoto na littafi ko allon bango. Aikin yini ya koma na minti biyu. Ka canja 18 zuwa 20, zane ya canja da kansa. Ka haɗa biyu ka juya su ka ga inda suke cizon juna. A nan ne ma ɗalibi zai ga da idonsa abin da ke faruwa idan haƙora suka gaza 17 a digiri 20: gindin haƙori yana shiga ciki, ya zama siriri, wurin da zai karye ke nan.

Akwai ayyukan da babu mai yin su sai ita. Idan na'urar da za ta yanka giyar da kanta take bin zane, kamar masu yanka faranti da hasken leza ko masu buga abu da roba, to fayil ɗin kwamfuta ne abincinta, kuma dole kowane haƙori ya fito. Idan za ka yi samfur na katako don koyarwa, ko na kai wa masu zubin ƙarfe, ka buga zanen a girmansa na gaskiya ka manna a katako ka bi da zarto. Idan rahoton kammala karatu kake rubutawa, ko takardar da za ta nuna yadda ake kwance injin taliya a mayar, hoton kwamfuta mai haƙora shi ne zai yi magana da kowa.

Sai dai a yi la'akari da inda muke. Laftof tana son caji, kuma a yawancin ƙauyukanmu sai wurin mai sola. Bugawa sai an je hedikwatar ƙaramar hukuma ko bakin kasuwa. A can kuma akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: na'urar bugawa takan rage zane don ya shiga takarda, ba tare da ta gaya maka ba. Kullum ka ja layi mai tsawon milimita 100 a gefen zanen, idan an buga ka ɗora rula a kai tun kana shagon. Abin da ya fi wannan damuna shi ne kwamfuta ba ta musu. Ka ba ta lambar da ba daidai ba, ta zana maka ita da kyau ƙwarai, kyan ya sa kowa ya yarda. Zanen hannu mai kuskure yakan sa a yi shakka a sake aunawa. Na kwamfuta ba ya sa wa.

Bin gefen tsohuwar giya da biro, ko ɗaukarta hoto, ba zan daɗe a kai ba. Shaida ce, ba zane ba ce. Abin da ka kwafa shi ne giyar bayan ta side, ba yadda aka haife ta ba, kuma hoton waya yana ƙara wa abin da ke kusa girma. Amfaninsa a ƙirga haƙora, a ga siffar jikinta, a ga inda ta karye. A haɗa shi da zanen ƙa'ida, a ajiye rula a gefenta kafin a ɗauka, kada a tura shi shi kaɗai.

Mu koma kan tabarma. Na ɗauko ma'aunin baniya, mai baki biyu da ake matse abu a tsakaninsu a karanta faɗinsa, muka auna faɗin giyar yaron nan, ya ba mu milimita 50.4. Ya yi lissafi da sauri, ya raba da 20, wato haƙora 18 a ƙara biyu, ya ce, "Mojul 2.5 ce, Malam, hamsin ke nan."

Na ce, "Giyar da ta side tana ƙaruwa ne ko tana raguwa?"

Ya ce tana raguwa. To daga ina 0.4 ta fito?

Nan ne wurin da nake so duk mai wannan aiki ya tsaya. Ba duk giya ake aunawa da mojul ba. Injunan da aka ƙera da ma'aunin inci, irin tsofaffin na Ingila da na Amurka, suna bin wani lissafi da ake kira DP, wato yawan haƙoran da ke kan kowane inci ɗaya na faɗin da'irar haɗuwa. Ka raba 25.4 da DP ka sami mojul. DP 10 ta zama 2.54, DP 8 ta zama 3.175. Dubi kusancin 2.54 da 2.5. A giya mai haƙori 18, ɗaya faɗinta 50.8, ɗaya 50 cif. Wadda ta side tana iya faɗowa tsakaninsu, kamar tamu. Idan aka yanka ta kuskure za ta shiga, har ta juya, amma za ta yi ta kuka tana cin babbar giyar, wadda ta fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Ƙaramar giya ba za ta raba wannan gardama ba, sai babbar. Na ce ya koma ya ƙirga haƙoran abokiyar zamanta, ya auna faɗinta, ya kuma auna tazarar tsakiyar sanda zuwa tsakiyar sanda. Da yamma ya kira: haƙora 72, faɗi ya kusa 188, tazara 114 da ɗan ɗori. Da mojul 2.5 ce, da faɗin 185 ne, tazarar 112.5. A DP 10 kuwa faɗin 187.96 ne, tazarar 114.3. Magana ta ƙare, ta inci ce. Wuƙar ma ta canja, don a jerin DP lambobin a juye suke, mai yanka 17 zuwa 20 ita ce ta shida. Kusurwar turi kuwa ido ba ya tabbatar da ita a kan haƙorin da ya side, duk da cewa na digiri 20 ya fi kauri a gindi ya fi tsini a kai. Na ce ya cire babbar giyar ya tafi da ita, mai yankan ya gwada wuƙarsa a gurbin haƙorinta. Ya kuma goga magagari a jikin tsohuwar: idan ya zame bai ci ba, an gasa ƙarfen ya yi tauri, sai a rubuta a takarda cewa sabuwar ma a gasa ta.

Wani abu da ke rikita masu aunawa: idan yawan haƙoran mara ne, kamar 17 ko 23, bakin baniya ɗaya zai sauka a kan haƙori, ɗayan a gurbi, awon ya fito ƙasa da gaskiya. A nan sai a auna daga gefen ramin tsakiya zuwa kan haƙori, a ninka biyu, a ƙara faɗin ramin.

Don haka idan ka tambaye ni wacce za ka ɗauka, zan tambaye ka hannun wa takardar za ta faɗa. Mai injin yankan haƙori a Kano, ba shi zanen ƙa'ida da akwatin lambobi, ka haɗa masa da tsohuwar giyar da abokiyar zamanta idan za su ɗauku. Na'ura mai bin fayil, ko mai karatun da bai san ƙa'ida ba, je ka kwamfuta, amma bayan ka tabbatar da lambobin da baniya. Kai kanka, idan kana koyo, zauna da zare da gwangwani da kwamfas. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai ba sai abu ɗaya, ya sayi baniya kafin laftof.

Washegari da safe ya dawo muka zauna a zaure. Da'ira biyu, yankakken gefe ɗaya, faɗin rami, faɗi da zurfin gurbin ki, kaurin giya, tsayin tudun da ke tokare boris, sai akwati a ƙasa ta dama: haƙora 18, DP 10, abokiyar zama 72, tazara 114.3. Bai kai minti arba'in ba. Ya naɗe babbar giyar a buhu ya ɗaure a bayan babur, ya sa takardar a leda saboda giris. Zanensa na farko kuwa na roƙe shi ya bar mini, yana manne a bangon aji, da shi nake fara darasin lanƙwasar haƙori ga 'yan aji biyu.